Yadda za ka haɗa laftof mai Linux da intanet, ta kebul da ta Wi-Fi

Duk farkon zangon karatu, shagona da ke Yelwa a Bauchi yakan cika da laftof iri guda: ThinkPad ko EliteBook ko Latitude na hannu, an goge Windows an ɗora wani nau'in Linux, Ubuntu ko Mint ko Kali, saboda wani kwas, sai intanet ta ɗauke ƙafa. Maganar farko da masu su kan yi ita ce, "Oga, a sake mata fomatin kawai." Ba na saurin yarda. Fomatin yana cinye wa mutum yini guda da datarsa, kuma in direba ne babu, wato manhajar da ke sa katin intanet aiki, ko sau goma aka sake haka za a tarar da ita.

Yaran shagona tambaya biyar na koya musu, bi da bi, ba a tsallake ko ɗaya. Kwamfutar ta ga katin da ke haɗa ta da intanet? Katin ya kama layi? An ba shi adireshi? Ya san ƙofar fita, wato adireshin rautar da ake bi a fita intanet? Yana iya juya suna ya koma lamba? Matsalar ba ta wuce ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, kuma ta ƙasa ce ke riƙe da ta samanta. Wanda ya tsaya yana sauya DNS, mai juya suna zuwa lamba, alhali kebul ɗinsa a tsinke yake, wahalar banza yake yi.

Yawancin abin da zan nuna da NetworkManager ake yin sa, manhajar da kamfanin Red Hat ya fara a 2004, wadda Ubuntu da Mint da Fedora da Kali da Debian mai tebur duk suke zuwa da ita. Umarninta a taminal, tagar da ake buga umarni, shi ne `nmcli`. A Ubuntu da Mint, danna Ctrl da Alt da T tare ka buɗe taminal. Ka riƙe abu biyu: Linux yana bambanta babban harafi da ƙarami, sannan in `sudo`, umarnin da ke ba ka ikon mai kula da kwamfuta, ya nemi kalmar sirrinka ba za ka ga komai yana fitowa ba yayin da kake bugawa. Ka buga kawai ka danna Enter.

Ta ga katin?

Fara da wannan:

`nmcli device status`

Sunan da ya fara da `en`, kamar `enp0s25`, ramin kebul ne. Wanda ya fara da `wl`, kamar `wlp3s0`, katin Wi-Fi ne. A wasu tsarukan, irin su Kali, za ka ga tsofaffin sunaye, `eth0` da `wlan0`. Shi `lo` na cikin gida ne, rabu da shi. Rubuta sunayen naka a takarda, domin duk inda na sa nawa a ƙasa, naka za ka sa.

In katin Wi-Fi ya fito amma an rubuta `unavailable` a gabansa, yawanci kulle shi aka yi. Duba:

`rfkill list`

Ka ga `Soft blocked: yes`, manhaja ce ta rufe, `sudo rfkill unblock wifi` zai buɗe. Ka ga `Hard blocked: yes`, to babu umarnin da zai yi maka aiki, sai ka sa hannu. Tsofaffin ThinkPad da Latitude suna da ɗan makunni a gefe wanda jaka ke iya turewa ba ka sani ba. Wasu kuma Fn ake haɗawa da maɓalli mai hoton eriya ko jirgin sama. In babu ko ɗaya, leƙa BIOS, saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, wataƙila mai ita na farko ya kashe katin a can.

In kuwa babu `wl` sam, maganar direba ce:

`lspci -nnk | grep -iA3 net`

Zai nuna sunan katin. Nemi layin `Kernel driver in use` a ƙarƙashinsa. Katin Intel yana aiki da `iwlwifi`, kuma da wuya ya ba da wahala. Wasu katunan Broadcom da Realtek ne ke buƙatar a sauko musu da direba daga intanet, kai kuma intanet ɗin ce ba ka da ita. Mafitar tana aljihunka. Jona wayarka ta Android da kebul ɗin USB, shiga saitin hotsifot ka kunna raba intanet ta USB. Linux zai ɗauke ta kamar kebul ne aka jona, ba sai an girka komai ba. Sai dai ya zama kebul mai ɗaukar data, ba na caji zalla ba, domin da yawa daga cikin masu arha na bakin titi caji kawai suke yi.

Da ka samu intanet, a Ubuntu buɗe Additional Drivers, a Mint kuma Driver Manager, ka zaɓi direban da suka nuna. A Debian, abin da kan rasa shi ne 'yar manhajar da ake ɗora wa katin kansa. Umarnin `sudo dmesg | grep -i firmware` zai faɗi sunan fayil ɗin da aka nema aka rasa, sai ka girka `firmware-iwlwifi` ko `firmware-realtek` ko `firmware-atheros` gwargwadon katinka. Daga Debian 12, wadda ta fito a 2023, an riƙa sa waɗannan a cikin faifan girkawa, don haka in tsohuwa ce a filashinka, nemi sabuwa.

Abu biyu kan sa direba ya ƙi tashi bayan an girka shi. Secure Boot, wani tsaro da ke cikin BIOS, yana hana direban da ba a sa wa hannu ba, sai ka yi masa rajista lokacin da kwamfutar ta tambaya, ko ka kashe shi a BIOS. Sannan in kana da Windows a gefe, kashe Fast Startup ɗinta, domin ba ta sakin katin gaba ɗaya in an rufe ta a haka.

Kebul

Da tsohuwar zuma ake magani. In akwai kebul a wurin, shi nake fara gwadawa, saboda ba ya neman kalmar sirri kuma bango ba ya tare shi. Jona, ka saurari ƙarar shigarsa, ka duba ko 'yar fitilar ramin ta kama, a laftof ko a rauta. Sannan:

`sudo ethtool enp0s25`

Layi biyu ne abin dubawa: `Link detected` da `Speed`. In na farko ya ce `no`, sauya kebul, sauya rami a rauta. Lokacin hunturu ƙurar Bauchi kan cika ramin laftof har 'yan ƙarafan ciki su daina taɓa kan kebul, busasshen burushi ya isa ya fitar da ita.

In ya kama amma gudun ya tsaya a `100Mb/s` alhali rauta da laftof duk masu 1000 ne, ka zargi kan kebul ɗin. A ciki akwai zare takwas. Gudun 100 huɗu kawai yake amfani da su, na 1 da 2 da 3 da 6, shi kuwa 1000 sai duka takwas sun kama. Zare ɗaya daga cikin sauran huɗun ya kuce, sai layin ya sauko 100 ba tare da ya sanar da kai ba. In za ka sake matse kai, riƙe shi ɗan maƙallin yana kallon ƙasa, ƙarafan suna kallonka, ka jera daga hagu zuwa dama: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ruwan-ƙasa, ruwan ƙasa. Haka a duka kan biyu. Kada tsawon ya wuce mita 100. Wajen saye kuma, kankare zare ɗaya da reza: in cikinsa fari ne, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana saurin karyewa kuma ba ya kai nisa. Da damina, kebul ɗin da aka ja ta waje daga gini zuwa gini a cire shi in hadari ya taso, domin tsawa tana bin sa ta ƙone rami.

Laftof marar ramin kebul sai a saya mata adaftar USB. Sunanta kan fito da `enx` da dogayen lambobi a Ubuntu da Debian, sauran aikin duk ɗaya ne.

Adireshi

A ƙa'ida rauta ce ke raba adireshi da kanta ta tsarin DHCP, kai naka jonawa. Duba abin da aka ba ka:

`ip -4 addr`

Ka ga irin `192.168.1.23/24`, an ba ka. Ka ga babu komai, ko lambar ta fara da `169.254`, to kwamfutar ta yi kira ba wanda ya amsa. Ko dai rauta ba ta gama tashi ba, ko ramin da ka jona ba ya kaiwa gare ta, ko kuma wurin ba a raba adireshi sai da hannu, kamar yadda ake yi a wasu ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta.

In da hannu ne, karɓi abu uku daga mai kula da wurin: adireshinka, ƙofar fita, da DNS. Kada ka ƙirƙiro lamba da ka. In ta yi karo da ta wani, ku biyun za ku riƙa yankewa, kuma ba wanda zai gane dalili da wuri. Shawarata a nan, kada ka taɓa saitin kebul na asali. Buɗe sabo ka ba shi suna:

`sudo nmcli connection add type ethernet ifname enp0s25 con-name ofis autoconnect no ipv4.method manual ipv4.addresses 192.168.1.50/24 ipv4.gateway 192.168.1.1 ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8"`

`sudo nmcli connection up ofis`

Wannan `/24` daidai yake da `255.255.255.0` da ka saba gani a Windows. Dalilin buɗe sabo shi ne laftof yawo take yi. Wanda ya kafe adireshin ofis a saitin asali, ya koma gida ko hostal ya jona kebul, ba zai samu komai ba, kuma zuwa lokacin ya manta abin da ya taɓa. Da `autoconnect no`, saitin ofis ba ya tashi sai ka kira shi.

Wi-Fi

`nmcli device wifi list`

`nmcli --ask device wifi connect "Sunan Wi-Fi"`

Da gangan na sa `--ask`. In ka rubuta kalmar sirri a cikin umarnin, tana zama a tarihin taminal, duk wanda ya zauna bayanka ya danna kibiyar sama zai gan ta. In Wi-Fi ɗin ɓoyayye ne, ƙara `hidden yes` a ƙarshe.

Wata ɗaliba ta taɓa kawo min tsohuwar HP, ta ce, "Malam, tana ganin Wi-Fi ɗin kowa a hostal, ban da hotsifot ɗina." Ta riga ta sake girka Ubuntu sau biyu. Na karɓi wayar, ba kwamfutar ba. Sabuwa ce, kuma tana watsa hotsifot a zangon 5 GHz, katin laftof ɗin kuwa 2.4 kawai yake ji. Muka mayar da wayar 2.4, sunan ya fito nan take. A iPhone wannan saitin sunansa Maximize Compatibility. Makamancin haka na faruwa da tsaro: tsohon kati kan ga sunan amma ya kasa shiga in wayar tana kan WPA3, sai a mayar da ita WPA2. In katinka yana jin zango biyun, 5 GHz ya fi gudu a ɗaki ɗaya, 2.4 ya fi ratsa bangon bulo. A unguwannin ɗalibai irin Gwallameji, inda kowane ɗaki da nasa hotsifot, 2.4 kan cunkushe, don haka mai rauta ya gwada tasha ta 1 ko 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Wi-Fi ɗin da ke yankewa musamman in an cire caja, sau da yawa tsimin batir ne ke sa katin gyangyaɗi. Kashe shi:

`sudo nmcli connection modify "Sunan Wi-Fi" 802-11-wireless.powersave 2`

Lamba 2 tana nufin a kashe. Duk gyaran da ka yi da `modify` ba ya aiki sai ka sake tayar da saitin da `nmcli connection up`.

Wi-Fi na makaranta mai neman sunan mai amfani da kalmar sirri ya fi sauƙi ta taga. Buga `nm-connection-editor`, zaɓi WPA & WPA2 Enterprise. Yawanci PEAP ne da MSCHAPv2, amma ka tambayi sashen kwamfuta na makarantar, ka kuma roƙi takardar shaidar sabarsu. Tsallake ta yana sa wani ya iya kafa Wi-Fi mai suna iri ɗaya ya kama bayanan shigarka. Na otal mai shafin shiga kuma, in shafin ya ƙi fitowa, buɗe `http://neverssl.com` zai jawo shi.

Ka sani duk kalmar sirrin da ka taɓa sa wa tana ajiye, kuma mai ikon `sudo` zai iya karanta ta. Kafin ka sayar da laftof ko ka ba da aro mai tsawo, duba `nmcli connection show`, ka goge su da `nmcli connection delete`.

"Ta nuna ta haɗu, amma ba ta buɗe komai"

Nemo ƙofar fitarka da `ip route`. Lambar da ke bayan `default via` ita ce. A MiFi na Huawei yawanci `192.168.8.1` ce, a hotsifot ɗin iPhone `172.20.10.1`. Sai ka yi ƙwanƙwasa uku, ta farko da lambar ƙofarka:

`ping -c 4 192.168.8.1`

`ping -c 4 1.1.1.1`

`ping -c 4 wikipedia.org`

Ta farko ta faɗi, matsalar tsakaninka da rauta ce, koma baya. Ta farko ta wuce ta biyu ta faɗi, laftof ɗinka lafiya lau take: data ce ta ƙare ko sabis ya ɗauke. Rubuta lambar ƙofar a burauza ka shiga shafin MiFi ɗin ka gani da idonka. Ta biyu ta wuce ta uku ta faɗi, DNS ne, wato mai juya suna zuwa lamba:

`sudo nmcli connection modify "Sunan Wi-Fi" ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8" ipv4.ignore-auto-dns yes`

Kada ka gyara `/etc/resolv.conf` da hannu. A Ubuntu za ka tarar da `127.0.0.53` a ciki, kuma daidai ne, ba kuskure ba. Duk abin da ka rubuta a wurin za a share shi. `resolvectl status` ne ke nuna DNS na gaskiya da ake amfani da shi.

In duka ukun sun wuce amma burauza na kukan shafi ba shi da aminci, kalli agogo. Laftof na hannu da yawa ɗan batirin ciki mai riƙe agogonsu ya mutu, sai kwanan wata ya koma shekarun baya, takardun shaidar shafuka kuma su ƙi karɓuwa. Buga `timedatectl` ka gani, `sudo timedatectl set-ntp true` ya gyara, sannan a sauya batirin.

In kebul da Wi-Fi suna jone tare

Nan ne na fi so a natsu, domin haka yawancinmu muke aiki: rauta a ofis, hotsifot a aljihu saboda ɗaukewar wuta. In duka biyun suna kunne, `ip route` zai nuna layin `default` biyu, kowanne da lambar `metric`. NetworkManager yana ba kebul 100, Wi-Fi 600, kuma mai ƙaramar lamba ake bi. Wato kebul ne gaba. Aka ɗauke wuta rauta ta mutu, layin kebul ya ɓace, kwamfutar ta koma Wi-Fi da kanta. Wuta ta dawo, ta koma kebul. Abin da zai iya yankewa shi ne saukarwar da ke tsakiyar tafiya, saboda adireshi ya sauya.

Inda ake shan wahala shi ne in kebul ɗin yana da rai amma babu intanet a bayansa. An taɓa kirana wani ofis a cikin gari: sakatare ya ce duk sanda ya jona kebul don ya buga takarda, intanet sai ta ɗauke, ya cire ta dawo. Kebul ɗin firinta kawai yake kaiwa ta wata rauta da ba a sa mata data, amma rautar tana gabatar da kanta a matsayin ƙofar fita, kuma lambarta 100 ta rinjayi 600. Gyaran layi ɗaya ne:

`sudo nmcli connection modify "Wired connection 1" ipv4.never-default yes ipv4.ignore-auto-dns yes`

Ma'anarsa, a riƙa isa ga firinta ta kebul, amma kada a nemi hanyar waje ta nan. In so kake Wi-Fi ya zama gaba, kebul ya zama na ko-ta-kwana, sa wa Wi-Fi ɗin `ipv4.route-metric 50`. Ka kuma lura kada rautar ofis da MiFi su kasance a layin lamba ɗaya, misali duka `192.168.0`. In haka ne kwamfutar ba ta san ta inda za ta nemi firinta ba, sai an sauya layin ɗaya daga cikinsu a shafin saitinsa.

Tunda hotsifot zai riƙa karɓar aiki ba tare da ya tambaye ka ba, gaya wa kwamfutar cewa datarsa ta kuɗi ce:

`sudo nmcli connection modify "Hotsifot" connection.metered yes`

A Ubuntu ƙara da `sudo snap set system refresh.metered=hold`, don kada manhajojin snap su sabunta kansu a kan datarka. Ba kowace manhaja ke girmama wannan alamar ba, burauza da masu saukar da fayil za su ci yadda suka saba. In kana da Wi-Fi fiye da ɗaya a wuri guda, ba wanda ka fi so `connection.autoconnect-priority 10`, mai babbar lamba ake fara kamawa.

Ana iya juya abin ma. Kwamfutar tebur marar Wi-Fi za ta sha intanet daga laftof ta kebul:

`sudo nmcli connection add type ethernet ifname enp0s25 con-name rabo autoconnect no ipv4.method shared`

Ka tayar da `rabo`, laftof za ta ɗauki `10.42.0.1` ta kuma raba wa ɗayar adireshi. Kada dai ka tayar da shi a kebul ɗin ofis, domin za ka zama mai raba adireshi na biyu ka rikita wa kowa layi.

Masu FreeBSD da OpenBSD

Waɗannan wasu tsaruka ne daban da Linux, ba sa zuwa da NetworkManager, fayil ake rubutawa, kuma sunan kati daga direbansa yake fitowa, kamar `em0` ko `iwm0`. A FreeBSD, cikin `/etc/rc.conf` ake sa `ifconfig_em0="DHCP"` don kebul, sai `wlans_iwm0="wlan0"` da `ifconfig_wlan0="WPA SYNCDHCP"` don Wi-Fi. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri suna shiga `/etc/wpa_supplicant.conf`, a ƙarshe `service netif restart`. A OpenBSD, fayil ɗin `/etc/hostname.iwm0` layi biyu ya ishe shi, `join suna wpakey kalma` da `inet autoconf`, sai `sh /etc/netstart`. In katin ya ƙi tashi, jona kebul ka buga `fw_update`.

In duk an bi ya ƙi

Buɗe taminal biyu. A ɗaya buga `journalctl -u NetworkManager -f`, a ɗayan ka sake gwada haɗawa, kana kallon abin da ke gudu a na farko. Kalmar `no-secrets` yawanci tana nufin an ƙi kalmar sirrin, sai ka goge saitin ka sake bugawa a hankali, ka duba ko Caps Lock a kunne yake. `ip-config-unavailable` na nufin an shiga amma ba a ba da adireshi ba, wanda kan faru in MiFi ta cika adadin mutanen da take ɗauka, ko mai rautar ya taƙaita na'urorin da za su shiga. In za ka nemi taimakon wani, ɗauki hoton waɗannan layukan da wayarka, haɗe da abin da `nmcli device status` da `lspci` da `ip route` suka nuna, ka tura masa su tare da sunan Linux ɗin da ke kan kwamfutar.